Hutu Marar Iyaka: Kwana Nawa Ya Kamata Ma'aikaci Ya Ɗauka?

A watan Janairun 2023 kamfanin Microsoft ya sanar da ma'aikatansa masu albashi da ke Amurka cewa ya daina ƙidaya musu kwanakin hutun shekara. Duk wanda yake son hutu sai ya yi magana da shugaban sashensa, ya tafi, kuma albashinsa na nan yana shiga. Kafin Microsoft, kamfanin Netflix ya fara wannan tun farkon shekarun 2000, Richard Branson ya yi wa ma'aikatan babban ofishin Virgin haka a 2014, LinkedIn ya biyo baya a 2015. Sunan tsarin "hutu marar iyaka".

Da jin sunan sai mutum ya ce ai kakar ma'aikata ta yanke saƙa. To amma wani abin mamaki ya bayyana: a kamfanoni da dama da aka cire iyakar, hutun da mutane ke ɗauka bai ƙaru ba, a wasu wuraren ma raguwa ya yi. Me ya kawo haka? Kuma in kai ne aka ce maka ka ɗauki iya yadda kake so, kwana nawa za ka ɗauka? Tambayar ta fara shafar mu, domin matasa da yawa a Kano, Kaduna, Abuja da sauran garuruwa suna yi wa kamfanonin waje aiki ta intanet, kuma irin wannan tsari na cikin takardun ɗaukar aikin da ake turo musu.

Me ya sa tsarin ya fi yaɗuwa a Amurka?

Amurka ba ta da dokar tarayya da ta tilasta wa mai kamfani ya ba ma'aikaci hutun shekara da albashi, ko da na kwana ɗaya. A Tarayyar Turai doka ta ce mako 4 ne mafi ƙaranci. A Birtaniya kwana 28 ne ga mai aikin kwana 5 a mako, kuma ana iya lissafa ranakun hutun gwamnati a ciki. A Faransa mako 5 ne. A Ghana kwanakin aiki 15 ne, a Najeriya kuma dokar ƙwadago ta ce aƙalla kwanakin aiki 6 bayan mutum ya yi wata 12 yana aiki ba yankewa. Ka ga ke nan a inda doka ta kafa mafi ƙaranci, "marar iyaka" yana nufin abin da aka ƙara a kan wannan. A Amurka kuwa babu iyaka a sama, babu kuma a ƙasa.

Sannan ruwa ba ya tsami banza. A wasu jihohin Amurka, kamar Kalifoniya, kwanakin hutun da ma'aikaci ya tara bai ci ba ana ɗaukar su tamkar albashi ne, dole a biya shi kuɗinsu ranar da zai bar aiki. Bari mu yi lissafi da misali. Shekara tana da kwanakin aiki kusan 260. Mai albashin dala 78,000 a shekara yana samun dala 300 a kowace ranar aiki. In ya tara kwana 15 bai ci ba, yana bin kamfani dala 4,500. In irinsa sun kai 1,000, bashin ya zama dala miliyan 4.5 a littafin kamfani. Ranar da aka ce hutu ba shi da adadi, babu sauran abin da za a tara, don haka sabon bashi ya daina hawa. Wannan ba ya nufin duk kamfanin da ya ɗauki tsarin yana da mugun nufi. Amma yana da kyau ma'aikaci ya san cewa kwanan da bai ci ba a wannan tsari ya tafi ke nan, ba ya komawa kuɗi, ba ya tsallakawa shekara mai zuwa.

Abin da alƙaluma suka nuna

Kamfanin Namely, mai manhajar kula da harkokin ma'aikata a Amurka, ya duba bayanan kamfanonin da ke amfani da manhajarsa, ya fitar da sakamako a 2017: masu hutu marar iyaka suna ɗaukar kwana 13 a shekara, masu ƙayyadadden hutu kuma kwana 15. Da ya sake dubawa a 2022 sai abin ya ɗan juya, masu marar iyaka kusan kwana 12, sauran kusan 11. Waɗannan alƙaluman kamfani ne, ba gwajin da aka tsara a jami'a ba, amma ko ta wane ɓangare ka duba, saƙon ɗaya ne: cire iyaka bai sa mutane sun kwashi hutu ba.

Wasu kamfanonin ma sun ja da baya. Kickstarter ya soke tsarin a 2015 ya koma ba da kwana 25, saboda ma'aikata ba su san adadin da ya dace su ɗauka ba. Buffer ya ga mutanensa ba sa tafiya hutu, sai ya fara ba da kyautar dala 1,000 ga wanda ya tafi, daga baya kuma ya kafa mafi ƙarancin mako 3 a shekara. Bankin Goldman Sachs ya ba manyan jami'ansa hutu marar iyaka a 2022, amma ya haɗa da sharaɗin cewa kowane ma'aikaci ya ɗauki aƙalla kwana 15 a shekara, kuma a ciki a samu mako guda cur a jere.

Me ke hana mutum ɗaukar abin da aka ba shi kyauta?

Ilimin halayyar ɗan Adam yana da amsoshi a kan wannan, kuma akwai gwaje-gwaje a bayansu.

Na farko shi ne rashin turke. A 1974 Amos Tversky da Daniel Kahneman sun yi wani gwaji da ya shahara. Suna juya wani faifai mai lambobi a gaban mutum, wanda aka riga aka saita ya tsaya a kan 10 ko 65. Daga nan sai su tambaye shi kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne ƙasashen Afirka. Waɗanda suka ga 10 amsarsu ta tsakiya ita ce 25, waɗanda suka ga 65 kuma 45. Lambar da ba ta da alaƙa da tambayar ta ja amsarsu, kamar yadda turke ke riƙe akuya, duk kiwon da za ta yi a kewayensa ne. In takardar aiki ta ce kwana 25, wannan ne turkenka. In ba ta faɗi komai ba, ƙwaƙwalwa sai ta nemi wani turken, kuma wanda ya fi kusa shi ne abin da ka ga abokan aikinka suna yi.

Na biyu shi ne ƙin asara. Waɗannan masana biyu sun nuna a 1979 cewa zafin rasa abu ya fi daɗin samun irinsa ƙarfi a zuciyar mutum. Mai kwana 25 da za su ƙone a ƙarshen Disamba yana jin kamar za a ƙwace masa abinsa, shi ya sa yake rige-rigen cinye su. Mai hutu marar iyaka ba shi da abin da zai ga yana ƙonewa, saboda haka babu abin da ke tsikarinsa.

Na uku shi ne rashin wa'adi. Suzanne Shu da Ayelet Gneezy sun wallafa wani gwaji a 2010 inda suka raba wa mutane takardar karɓar kek da abin sha kyauta a wani shago. Wasu takardun za su daina aiki bayan mako 3, wasu bayan wata 2. Cikin masu mako 3, kashi 31 cikin ɗari sun je sun karɓa. Cikin masu wata 2, kashi 6 ne kawai. Wato ba aiki mai wahala kaɗai mutum ke ɗagawa zuwa gobe ba, har abin daɗi ma, matuƙar yana ganin akwai sauran lokaci. Hutun da ba shi da ranar ƙarewa shi ne babban misalin "sai na gama wannan aikin tukuna".

Na huɗu shi ne kallon-kallo. A tsohon tsari, hutu haƙƙi ne da aka rubuta, babu mai ganin laifinka in ka ci naka. A sabon tsari, kowane kwana da ka ɗauka zaɓinka ne, kuma zaɓi yana iya zama abin da za a auna ƙwazonka da shi. Kowa sai ya riƙa satar kallon na kusa da shi, yana so ya ɗauki ƙasa da nasa kaɗan. Jessica de Bloom da abokan aikinta sun yi bayanin wannan a wata maƙala ta 2022: tsarin yana iya ba mutum 'yanci da jin an yarda da shi, yana kuma iya mayar da hutu abin jin kunya da ganin an ɗora wa abokan aiki nauyi. Wanda zai faru a cikin biyun ya dogara da yanayin wurin aikin, musamman halin shugabanni. Shi kansa Reed Hastings na Netflix ya ce yana ɗaukar mako 6 a shekara kuma yana faɗa a fili, don na ƙasa da shi su ga hanya a buɗe take.

Me hutu ke yi wa jiki?

A 1998 Theo Meijman da Gijsbertus Mulder sun tsara wani bayani da har yau masu binciken gajiyar aiki ke dogaro da shi. Duk aiki yana sa jiki ya ɗaga: bugun zuciya ya ƙaru, sinadaran shirin ko-ta-kwana su hau, hankali ya tattaru wuri guda. Wannan ba cuta ba ce, in dai bayan aikin jiki ya samu damar komawa daidai. Matsala tana farawa ne in an koma aiki kafin jiki ya gama saukowa. Gobe sai mutum ya buƙaci ƙarin ƙoƙari don yin aikin da ya yi jiya, gajiyar kuma ta hau kan ta jiya. Kamar bashi ne mai ruwa. Barcin dare da hutun ƙarshen mako suna biyan wani ɓangare, hutun shekara kuma yana share abin da ya taru.

Akwai alƙaluman lafiya da suka dace da wannan bayani. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta a 2021 cewa yin aikin awa 55 ko fiye a mako yana da alaƙa da ƙarin kashi 35 cikin ɗari na haɗarin shanyewar ɓarin jiki, da kashi 17 na mutuwa daga ciwon toshewar jijiyoyin zuciya, in aka kwatanta da awa 35 zuwa 40. A kan hutu kai tsaye, Brooks Gump da Karen Matthews sun bi bayanan maza sama da 12,000 masu haɗarin ciwon zuciya a Amurka na tsawon shekara 9, suka wallafa a 2000 cewa waɗanda suka fi yawan tafiya hutun shekara sun fi ƙarancin mutuwa a tsawon lokacin. A Finland kuma an bi 'yan kasuwa da manyan ma'aikata maza 1,222 na birnin Helsinki tun shekarun 1970. A rukunin da aka ba shawarwarin lafiya da magani, masu hutun mako 3 ko ƙasa da haka sun fi masu hutun sama da mako 3 haɗarin mutuwa da kashi 37 cikin ɗari tsakanin 1974 da 2004.

A nan sai an yi hattara. Irin waɗannan binciken suna nuna abu biyu suna tafiya tare ne, ba su tabbatar da cewa ɗaya ne ya jawo ɗaya ba. Mai lafiya da rufin asiri ya fi samun damar tafiya hutu tun farko. A binciken Helsinki ma, masu gajeren hutun sun fi yawan aiki kuma sun fi ƙarancin barci. Duk da haka, dukkansu hanya ɗaya suke nunawa, kuma ta dace da abin da aka sani game da yadda jiki ke farfaɗowa.

Amfanin hutu yana dushewa

Wannan shi ne binciken da ya fi taimakawa wajen tsara kwanaki. Mina Westman da Dov Eden sun bi ma'aikatan ofis 76 a 1997, suka ga gajiyarsu ta sauka lokacin hutu, amma bayan mako 3 da komawa aiki ta dawo inda take. Jana Kühnel da Sabine Sonnentag sun samu kusan haka a kan malaman makaranta 131 a Jamus a 2011: cikin wata guda amfanin ya gushe, kuma ya fi saurin gushewa ga waɗanda suka tarar da tulin aiki na jiran su.

De Bloom kuma ta bi ma'aikata 54 a Holan da suka tafi dogon hutu, kimanin kwana 23. Sakamakon da ta wallafa a 2013 ya nuna jin daɗi da lafiyarsu sun yi ta hawa a kwanakin farko, suka kai ƙololuwa a rana ta 8, kuma cikin makon farko na komawa aiki suka sauko inda suke a da. Ana yawan juya wannan a intanet a ce wai kimiyya ta gano kwana 8 ne cikakken hutu. Ba haka binciken ya ce ba. Mutum 54 ne kawai, kuma bayan rana ta 8 ba wai sun daina jin daɗi ba ne. Abin da za a iya ɗauka shi ne jiki yana buƙatar kwanaki kafin ya gama saukowa, kuma tsawaita hutu bai hana amfaninsa dushewa ba.

Wani nazari na 2025 da Ryan Grant da abokan aikinsa na Jami'ar Georgia suka yi, wanda ya tattara bincike 32 daga ƙasashe 9, ya nuna amfanin ya fi girma kuma ya fi daɗewa fiye da yadda aka ɗauka a baya. Amma shi ma ya nuna yana raguwa bayan an koma aiki. Hutu dai kamar wanka yake, na jiya ba ya ɗauke na yau. Sannan akwai ƙarin riba ga mai rarraba hutunsa: Jeroen Nawijn ya tambayi mutanen Holan 1,530 a wani bincike na 2010, ya ga masu shirin tafiya hutu sun fi sauran farin ciki tun kafin su tafi. Mai hutu sau 4 a shekara yana cin wannan ɗokin sau 4.

Yadda za ka fitar da naka adadin

Tunda kamfani bai kafa maka turke ba, kai za ka kafa wa kanka, kuma tun farkon shekara. Wuri mai kyau na farawa shi ne kwanakin aiki 20 zuwa 25. Wannan adadi ba daga gwaji guda ya fito ba. Ya fito ne daga haɗa abubuwan da muka gani: mako 4 da dokar Turai ta ɗauka mafi ƙaranci, mako 3 da Buffer da Goldman Sachs suka kafa a matsayin mafi ƙaranci, kwana 25 da Kickstarter ya tsaya a kai, da kuma layin mako 3 na binciken Helsinki. Mako 3 shi ne ƙasa, kada ka gaza shi. In a wurin aikinka na baya kana da ƙayyadaddun kwanaki, kada sabon adadin ya gaza wancan, in ba haka ba an rage maka lada ne ba tare da an taɓa albashi ba. A misalinmu na ɗazu, wanda ya ɗauki 13 maimakon 25 ya yi wa kamfani aikin kwana 12 kyauta, wato na dala 3,600.

Daga nan sai rarrabawa. Ga misali da kwana 25. Ware 10 don babban hutu ɗaya, in ka haɗa da Asabar da Lahadi na gaba, na tsakiya da na baya ya zama kwana 16 a jere. Ware wasu 10 ka raba su gida biyu, mako guda-guda. Lura da cewa kwanakin aiki 5 da ƙarshen mako biyu suna ba ka kwana 9, wanda ya wuce waccan rana ta 8. Sauran 5 ka yayyafa su a ranakun Juma'a ko Litinin, a watannin da babu babban hutu. Da haka ba za ka yi wata 2 ko 3 a jere ba tare da ka sauke numfashi ba. Rubuta ranakun a kalandar ofis tun watan Janairu. Abin da aka sa wa rana shi ke zuwa, kuma ka ba kanka wa'adin da gwajin takardar kek ya nuna muna buƙata.

Ga mai yi wa kamfanin waje aiki daga gida, akwai lissafi na daban. Kalandar kamfanin Amurka ba ta san Ƙaramar Sallah ko Babba ba, don haka waɗannan kwanaki daga aljihunka za su fita. Ga biki, ga suna, ga ta'aziyya, ga jinyar iyaye. Duk wanda ya taɓa zama a kan hidimar bikin ƙanwarsa ya san ba hutu ya yi ba, aiki ya canja. Saboda haka ka yi asusu biyu: kwanakin hidima da kwanakin hutawa. In ka gauraya su, sai shekara ta ƙare ka ɗauki kwana 20 amma ba ka huta ko ɗaya ba. Ranakun rashin lafiya ma ba sa shiga asusun hutawa.

Sai kuma tambaya, kuma a tambaya da lamba. "Babu iyaka" ba amsa ba ce. Tambayi shugaban sashenka ko ofishin ma'aikata kwana nawa mutanen sashen suka ɗauka bara, kwana nawa shi shugaban ya ɗauka, kwana nawa a jere ke buƙatar izini na musamman, da kuma watannin da aiki ya fi zafi. Ka faɗa masa adadin da ka tsara tun da wuri, in da hali a rubuce. In kana neman aikin ne, wannan tambaya ce da ta dace a yi kafin a sa hannu. In aka ce maka matsakaici kwana 10 ne, to ka san ainihin iyakar wurin, ko da takarda ta ce babu.

Kwana 10 na gaske sun fi 20 na jabu

Sabine Sonnentag da Charlotte Fritz sun fitar da abubuwa 4 a 2007 da ke sa lokacin hutu ya farfaɗo da mutum: cire rai daga aiki, sakin jiki, koyon wani abu da ba na ofis ba, da kuma mutum ya zama shi ke iko da lokacinsa. Nazarin 2025 da muka ambata ya nuna cire rai daga aiki da motsa jiki suna cikin abubuwan da suka fi alaƙa da amfanin hutu. Wanda ke zaune a ƙauyensu yana amsa saƙon ofis kowace awa, jikinsa bai san an ba shi hutu ba. Kafin ka tafi, miƙa aikinka ga wani a rubuce, kashe sanarwar imel da manhajar ofis a wayarka, ka bar hanya ɗaya tak da za a same ka in abu ya ɓaci da gaske. Ranar farko ta dawowa kuma kada ka cika ta da taro, tunda tulin aikin da ake tararwa shi ke saurin cinye amfanin hutun.

A ƙarshe, jiki magayi. In barci ya fara gagara, abin da ba ya ɓata maka rai a da ya fara ɓatawa, kurakurai sun yawaita, ko ƙarshen mako ya wuce ba ka ji ka huta ba, to ka matso da hutunka kusa, kada ka jira ranar da ka rubuta. In alamun sun ci gaba bayan ka huta, ka ga likita, ka kuma duba yawan aikin da aka ɗora maka, domin hutun mako 2 ba zai gyara aikin mutum 3 da aka jibga wa mutum ɗaya ba.

In kuma kai ne shugaban sashe, ka sani kai ne turken mutanenka ko ka so ko ka ƙi. Faɗi mafi ƙarancin kwanakin da kake so kowa ya ɗauka, duba a tsakiyar shekara wanda bai ɗauka ba, sannan kai ma ka tafi naka, ka kashe waya.